Ƙawata za ta koma ƙasarsu, ta fara ja da baya tun kafin ta tafi

Anti, barka da aiki. Shekarata huɗu a Doha, aikin maigidana ne ya kawo mu. Ina da yaro ɗan shekara shida da jaririya 'yar wata tara. Shekara uku da suka wuce na haɗu da wata 'yar Malesiya a ƙofar makarantar yaranmu, ita ma miji ta biyo, kuma ashe unguwarmu ɗaya. Tun daga nan muka ƙulle. Da aka yi mini tiyatar haihuwa ita ta riƙe mini ɗana kwana huɗu, ita ta yi ta zirga-zirgar asibiti, don mahaifiyata ba ta samu zuwa ba. Makullin gidana na biyu yana hannunta. Sunanta ne a takardar makaranta, wadda za a kira in ba a same ni ba.

Wata biyu ke nan da ta gaya mini kwantiragin mijinta ya ƙare, za su koma Kuala Lumpur ƙarshen Yuni da zarar an rufe makaranta. Tun ranar ta canza. Saƙo sai ya kwana ba ta amsa ba. In na ce mu fita sai ta ce tana haɗa kaya. Abin da ya fi ƙona mini rai, sau biyu tana turo mini lambar wata sabuwar zuwa wai in neme ta, sai ka ce ni kaya ce da za a bar wa wani ajiya. Ni ma na yi zuciya na daina nemanta, yau kwana goma sha biyu. Karo na biyu ke nan. A shekarata ta farko na saba da wata, ta tafi, yanzu sai gaisuwa sau ɗaya a shekara. Maigidana ya ce na cika ɗaukar abu da zafi, wai ai ba 'yar'uwata ba ce. Ba na samun barci, kuma sai in yi ta kuka ba dalili. Ashe dama zaman lalura muke yi? Na yanke shawarar ba zan ƙara sabawa da kowa ba a ƙasar nan. Na yi daidai?

Wata baƙuwa a Doha

Ƙanwata,

Ba ki yi daidai ba. Amma na san inda shawarar ta fito, don haka ba faɗa zan yi miki ba. Mu fara da abin da yake da wa'adi. Ƙarshen Yuni ba zai jira ki huce ba, ga shi kin riga kin ƙona kwana goma sha biyu daga cikin 'yan makonnin da suka rage muku. Yau ɗin nan ki saɓa jaririyarki ki je ki ƙwanƙwasa mata ƙofa. Kada ki tura saƙo. Waya ce ta kai ku inda kuke, kina duban alamar da ke nuna an karanta kina fassara shirun yadda zuciyarki ta ga dama. Labarin zuciya fuska ake tambaya.

Kin taɓa kwashe gida daga wata ƙasa zuwa wata, amma lokacin zuwa kike yi, da ɗoki a ranki. Komawa daban ce. Matar nan tana fama da soke izinin zama, rufe asusun banki, sayar da mota, karɓo takardun yara daga makaranta, ciniki da masu jigilar kaya, ga neman gida da makaranta a can ta waya. In kuma ba da son ransu aikin ya ƙare ba, akwai zullumin abin da za a ci gobe, wanda mace mai riƙe sirrin mijinta ba lallai ta faɗa ko wa aminiyarta ba. Idan ta ce tana haɗa kaya, da alama kayan take haɗawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi, wanda duk wadda ta daɗe a ƙasar waje ta gani. Mai shirin tafiya yakan fara zare jiki tun da sauran lokaci. Wani ma har ya tsiri rigima a kan abin da bai kai ya kawo ba, domin rabuwa da wanda kake fushi da shi ta fi sauƙi a kan rabuwa da wanda kake so. Ba da gangan ake yi ba, zuciya ce take neman mafaka. Duk ranar da ta gan ki sai ta tuna abin da za ta bari, sai ta ga gara ta rage ganinki. Kafin ki ce wannan rashin kirki ne, ki dubi kanki: kwana goma sha biyun nan me kike yi? Abu ɗaya kuke yi ku biyun, kowa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa tana jiran ɗayar ta fara.

Zancen lambar da ta turo miki kuwa, na karanta shi sau biyu, kuma gaskiya sai da ya taɓa mini rai, amma ba ta inda ya taɓa naki ba. Mace tana tsakiyar kwalaye, kanta ya ɗau zafi, amma ta samu sararin tunanin wa zai ɗauko ɗanki daga makaranta ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke. Ta san abin da take yi miki, ta san gurbin da za ta bari, ta kuma san halinki na rashin saurin sabo, tunda shekara uku tana tare da ke. Wanda bai damu da kai ba ba ya neman wanda zai bar maka. Abin da kawai zan ɗora mata shi ne ta yi aikin ba ta yi bayanin ba. Da ta ce miki "hankalina ba zai kwanta in bar ki ke kaɗai ba", da ba ki rubuto mini ba.

To, zaman lalura kuka yi? Ƙwarai, lalura ce ta haɗa ku. Sai dai ki nuna mini ƙawancen da ba wata lalura ce ta fara shi ba. Wasu aji ɗaya ne ya haɗa su, wasu katanga ɗaya, wasu wurin aiki. Ba wanda yake zaɓo aminiyarsa daga cikin mutanen duniya gaba ɗaya, cikin waɗanda zama ya kawo kusa da shi yake zaɓa. A ƙofar makarantar nan akwai iyaye mata da yawa, kowace baƙuwa ce, kowace tana da lalura irin taki. Ɗaya ce ta riƙe miki ɗa kwana huɗu.

Wani malami a Jami'ar Kansas da ke Amurka, Jeffrey Hall, ya fitar da bincike a 2018 a kan tsawon lokacin da ƙawance yake ci kafin ya ƙullu, kuma cikin waɗanda ya tambaya har da manya da ba su daɗe da ƙaura zuwa sabon gari ba. Ya samu cewa ana bukatar kamar awa 50 tare kafin wanda ka sani ya zama abokin hira, kamar awa 90 kafin ya zama aboki, sannan sama da awa 200 kafin a kai ga aminci. Ki lissafa naku. Jiran tashi daga makaranta, zama a filin wasan yara, layin asibiti, shekara uku cur. Kun ninka wannan adadi ba sau ɗaya ba. Shi ya sa ƙawancen iyaye mata a ƙasar waje yake saurin nuna: awannin suna taruwa da wuri, kuma ba a samun damar ɓoye-ɓoye. Wadda a gida sai ta shekara biyar ba ta ga hawayenki ba, a nan cikin wata uku ta gan ki a gadon asibiti ba ɗankwali. Saurin ƙulluwarsa ba ya nufin ba shi da saiwa.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau, domin nan ne ciwon yake.

Inda kika taso, ayyukan da matar nan take yi miki a rabe suke. Mai riƙe yaro in ta kama daban, wadda ake kai wa ƙorafin miji daban, mai sanin likitan yara na kirki daban, wadda ake zama a yi dariya da ita a manta da duniya ita ma daban. Uwa, yaya, gwaggo, maƙwabciya, ƙawar makaranta, kowa da nata kason, kuma in ɗaya ta yi tafiya sauran suna nan. Da kika zo Doha sai kika tattara kayan dangi kaf kika ɗora wa mutum ɗaya. Ba laifinki ba ne, haka kusan kowa take yi, don in Allah Ya haɗa ki da ta gari sai ki ji kin gama nema. Amma shi ya sa tafiyarta take miki kamar an yaye rufin ɗaki. Kukan da kike yi na mutum biyar ne. Maigidanki da ya ce ba 'yar'uwarki ba ce, a jini ya yi gaskiya, amma ki tambaye shi a hankali: ranar da aka shiga da ke ɗakin tiyata, wace 'yar'uwar ce ta riƙe masa ɗa?

Robin Dunbar na Jami'ar Oxford ya shahara da bayanin cewa mutanen da ɗan'adam yake iya riƙewa da gaske ba su wuce kamar 150 ba, kuma hawa-hawa suke: kamar 50 abokai, kamar 15 na kusa, sai kamar 5 da ake faɗawa jikinsu ranar da duniya ta yi zafi. Ki ɗauki takarda ki rubuta biyar ɗinki. Sannan ki ja layi a ƙarƙashin waɗanda za su iya iso ƙofar gidanki cikin rabin awa. Ina zaton sunaye biyu za ki ja wa layi, mijinki da ita. Shawarar da kika yanke za ta mayar da su ɗaya, shi ma ɗayan tun safe yana wurin aiki.

Ki kuma tuna ƙasar da kike. A Katar 'yan ƙasa ba su kai kashi 15 cikin 100 na mazauna ba, saura duk baƙi ne, kuma zaman yawancinsu a ɗaure yake da aiki. Aiki ya ƙare, zama ya ƙare. Idan sharaɗinki shi ne sai wadda ba za ta taɓa tafiya ba, kin cire kusan kowa. Kin ma cire kanki, don naki izinin zaman a jikin na mijinki yake rataye. Wata rana ke ce za ki tsaya tsakiyar kwalaye kina kasa amsa saƙon wata. Baƙo raɓa ne, kuma a garin nan ke ma raɓar ce.

Maganin shi ne raba kayan. Ki samu wadda za ku riƙa musayar ɗauko yara, ko da hirarku ba ta wuce ta makaranta ba. Ki samu maƙwabciyar da za ta riƙe makulli. Ki samu wadda kuke dariya tare, ko da ba za ki iya ba ta sirrinki ba. Ba dole kowace ta zama aminiya ba, kuma kada ki riƙa auna su da wadda za ta tafi, don duk za su faɗi. Waɗannan na sama-saman da muke rainawa suna da nasu amfanin. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa sabon labari mai amfani, irin na samun aiki, yakan zo ne ta hannun waɗanda ba a shaƙu da su sosai ba, saboda su suna shiga inda kai ba ka shiga. Matar da gaisuwa kawai kuke yi a wurin ajiye motoci ita za ta iya sanin inda ake karɓar 'yar wata tara na awa biyu ki samu ki numfasa.

A cikin masu kason nan ki sa ido ki nemi ko da guda ɗaya daga waɗanda suka kafu: wadda ta shekara goma sha biyar a garin, ko wadda aka haifa a nan, ko mai auren ɗan ƙasa. Sun fi wuyar shiga, ban ɓoye miki ba. Sun yi rakiya filin jirgi har sun gaji, wasunsu sun yanke irin shawararki tun tuni. Sai kin yi haƙuri, kin yi ta zuwa inda suke zuwa, rana ɗaya lokaci ɗaya kowane mako, har fuskarki ta zama sananniya. Awannin nan na Hall ba sa taruwa a zama ɗaya.

Sabuwar zuwan nan kuma, ki kira ta. Ba don ta maye gurbin kowa ba. Ki tuna watanki na farko a Doha, ba ki san inda ake sayen komai ba, mijinki ya fita ya bar ki da bango huɗu da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Halin da take ciki ke nan yau. Ke kuma da kike ganin kanki a matsayin wadda ake bari, shekara huɗu ta mayar da ke 'yar gari a wurinta. Ni kaina na taɓa zaman baƙunta, kuma ban fara jin ƙasar ta karɓe ni ba sai ranar da na raka wata asibiti na riƙa nuna mata ƙofar da ake bi. Ki yi wannan kiran kafin Yuli. Kin fi ni sanin yadda garin yake komawa in an rufe makarantu: zafi ya haura digiri 40, iyalai da yawa sun yi tafiya, filin wasan yara ba kowa. Kada wata biyun nan su same ki ba ki da ko mutum ɗaya da za ki buga wa.

Ko ƙawancenku zai rayu bayan ta tafi? Ba zan yi miki alkawari ba. Dunbar da abokin aikinsa Sam Roberts sun bi wasu ɗalibai na tsawon wata 18 lokacin da suke barin sakandare, suka ga zumuncin dangi yana jure rashin haɗuwa, na abokai kuwa yana yin sanyi in ba a kula da shi. Amma sun ga wani abu da zai yi miki daɗi: a wurin mata, yawan magana da juna shi ya fi riƙe ƙawancen, alhali maza sai sun haɗu sun yi wani abu tare. Magana kuwa ba ta bukatar biza. Kuala Lumpur tana gaban Doha da awa biyar, wato ƙarfe tara na safiyarki, bayan kin kai yaro makaranta, ƙarfe biyu ne na ranarta. Ku tsayar da rana ɗaya a mako tun kafin ta tashi, don "za mu riƙa gaisawa" ba ta taɓa riƙe kowa ba. Saƙon murya ya fi rubutu. Ki riƙa ba ta ƙananan labarai, haƙorin da ya fito, abin da malamar aji ta ce, saboda in aka koma jiran babban labari shi ke nan an zama 'yan gaisuwar shekara. Watanninta na farko a can za ta yi shiru fiye da yadda kike so, don komawa gida ma wani baƙuncin ne. Kada ki sake lissafa mata kwanaki. Ta farkon da ta tafi ma ban ga ta ci amanarki ba. Shekara ɗaya kuka yi, ta yi miki amfanin shekarar, nisa ya yi aikinsa.

Ɗanki fa? Ba ki ce komai a kansa ba, alhali shi ma rabin rayuwarsa ya yi da yaran gidan can. Ki gaya masa gaskiya yanzu, da ranar tafiyar, ku riƙa dubawa a kalanda tare. Kada ki ce masa za su dawo. Ki bar shi ya zaɓi abin da zai ba su, ya yi sallama da bakinsa, in ya yi kuka ki bar shi ya yi. Yaron da yake girma a irin wannan gari zai yi rakiya da yawa, kuma a wurinki zai koyi yadda ake yi. In ya ga an daina gaisawa tun kafin a rabu, shi zai ɗauka.

Maigida kuma kada ki tsaya jayayya da shi a kan ko 'yar'uwa ce ko ba ita ba. Shi yana fita ya ga mutane kullum, ba lallai ya gane yadda yini yake tsawo ba. Ki nemi abu takamaimai: yamma ɗaya a mako da zai riƙe yaran ki fita, da kuma zama ku biyu ku sake cika takardar makarantar nan da sabon suna kafin a rufe.

Sai maganar barci da kuka, wadda ba zan bari ta wuce ba. Mai yiwuwa baƙin cikin rabuwa ne kawai. Amma jaririyarki watanta tara, kuma ciwon damuwa na bayan haihuwa yana iya tasowa ko'ina a cikin shekarar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun matsalar da ta shafi ƙwaƙwalwa, galibi wannan ciwon, kuma rashin mai tallafi a kusa yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarinsa. In ya kai mako biyu kina kasa barci ko da jaririya ta yi nata, ko abinci ya fita ranki, ko komai ya daina yi miki daɗi, ki je ki ga likita ki faɗa masa yadda kika faɗa mini. Ana warkewa. In kuwa tunanin cutar da kanki ko jaririyar ya taɓa zo miki, ranar za ki je, ba gobe ba.

In kin isa gidanta yau ba sai kin shirya dogon jawabi ba. Ki ce mata, "Na yi fushi ne don ba na so ki tafi." Daga nan ki ajiye jaririya, ki ja kwali ɗaya ki tambaye ta me ake sawa a ciki. Wataƙila ta tashi ta ɗauko makullinki ta miƙo miki, tunda tana cikin rabon kayan mutane. Kada ki karɓa. Ki ce ta riƙe shi har daren tafiya.

Antinki